Ledar Burodi a Bayan Fitilarmu

Jama'a, ku yi mini jaje. Na faɗo daga kan teburi a tsakiyar falona, rungume da fitilar silin kamar ɗan ƙwallon da aka miƙa wa kofi, kuma har yanzu ƙuguna bai yafe mini ba. In kuna son gaskiya, a tsaye nake muku wannan rubutu.

Ga yadda aka yi. Uwar yarana tela ce, falonmu kuma shi ne shagonta. Falon duhu gare shi ko da rana tsaka, domin gwanayen da suka zana gidan sun sa tagarsa tana kallon bangon maƙwabci, don haka in dai akwai wuta fitila a kunne take. Keken ɗinkinta yana daidai ƙarƙashin fitilar, ga yadukan mutane jibge a kan kujeru, har in baƙo ya zo sai ya nemi izinin leshi kafin ya zauna. To, da hantsi tana cikin taka keke sai ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ba ka jin ƙauri?"

Na shaƙa, na ce ai maƙwabta ne ke ƙona shara.

Ta ce, "Shara a sama?"

Na ce hayaƙi dama sama yake yi, wannan ko a aji biyu an koya mana. Ban rufe baki ba sai ga wani baƙin ɗigo, ɗis, daga gefen fitilar, ya sauka a kan rigar da take ɗinkawa, ya huda ta kamar an ɗana mata bakin sigari. Rigar kuwa ta matar mai kemis ce, wadda in ta fara ba da labarinka a bakin famfo, kafin bokitinta ya cika an ji shi a ƙarshen unguwa.

Uwar yarana ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ɗaga rigar kawai ta yi, ta leƙo ni ta cikin hudar, ta ce, "To, malamin aji biyu, je ka kashe babban makunni ka zo ka hau."

Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na jawo teburi, na hau da sukudireba. Fitilar tamu irin mai farin faranti ce da ake mannawa a jikin silin, da zanen furanni a gefe, wadda baƙi ke yabawa. Na kwance sukuru ɗaya, na laluba ina neman na biyu, ban samu ba. Na ce watakila a ɓoye yake, bari in ja da ƙarfi. Ashe babu na biyun. Tsawon shekarun nan da sukuru ɗaya da ikon Allah take rataye. Na ja, ta biyo ni ba gardama, muka sauko tare.

Da na samu na miƙe, na ɗaga ido na dubi ramin da ta bari, sai dariyar da uwar yarana ta fara ta yanke. Wayoyi ne aka murɗe bakinsu da hannu, kamar yadda ake murɗe igiyar shanya, aka naɗe su da ledar burodi. Wallahi ledar burodi, har da ragowar hoton alkama a jiki. Ta narke ta yi baƙi. Mahaɗar tana kwance kai tsaye a kan katakon silin, katakon ya ƙone ya yi gawayi kamar faɗin tafin hannu, ga ƙura, ga tarkacen takardu da ɓera ya tara ya yi shimfiɗa a gefe. Babu akwati, babu murfi, babu komai tsakanin wuta da itace.

Autarmu a wannan falon take shimfiɗa katifarta, tsakanin keken ɗinki da tulin yaduka. Ni da uwarta muka dubi inda katifar ke jingine, muka dubi juna. Ashe kallon kitse muke yi wa rogo.

Bari in tuna muku, masu karatu, wane irin gida ne wannan. Ba ginin wani ɗan kama-wuri-zauna ba ne. Rukunin gidaje ne da manya suka gina mana, mu talakawa, saboda tsananin ƙaunar da suke mana. Ranar buɗewa Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa ya zo, wanda ba a taɓa ɗaura ƙyalle a ƙofar wani gini ya kwana bai yanka shi ba. Ya tsaya a gaban jan ƙyalle ya ce waɗannan gidaje jikokin jikokinmu za su gaje su. Muka yi tafi har tafin hannunmu ya yi ja. Ya ce an duba kowane lungu, tun daga tushe har zuwa rufi. Muka ƙara tafi. Ni ne ma na fi kowa, don a lokacin ina tsammanin rufi yana nufin rufi.

Ƙarar faɗuwata ce ta jawo maƙwabcina na jikin bango, tsohon direban babbar mota da muke kira Ba-Ribas, saboda tun da yake bai taɓa janye maganar da ya faɗa ba. Ya shigo ba sallama, ya dubi ramin, ya dube ni ina dafe da ƙugu, ya ce, "Malam, gidanka ne kawai. Nawa lafiyarsa lau. Ni da idona na ga lokacin da ake aikinsa."

Na ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta fa?"

Ya ce, "Ni gemuna a aske yake."

Bai daɗe da fita ba muka ji salati ta bayan bango. Ya dawo riƙe da wani jan ƙyalle mai sheƙi da ya ƙone a gefe. Nasa wayoyin da shi aka ɗaure su. Muka juya shi, muka sake juyawa, sai uwar yarana, da yake yadi sana'arta ce, ta ce, "Wannan ai irin ƙyallen da aka yanka ranar buɗewa ne." Ba-Ribas ya ce shi dai bai ce gidansa ba shi da matsala ba, cewa ya yi lafiyarsa lau, kuma ga shi nan a tsaye bai faɗi ba.

Kafin la'asar labari ya zaga, kowa ya hau teburinsa. Malama Nas, ma'aikaciyar jinya da gidanta ke farkon layi kusa da ƙofar shiga, ta tarar da nata an naɗe da filastar ciwo. Ta ce, "Ikon Allah! Mu a wurin aiki kullum ce mana ake ta ƙare, ashe tana nan tana jinyar waya." Wani ya sami robar tayar keke. Wani bawan Allah kuma bai sami komai ba, wayoyinsa tsirara suke, har muka taya shi murna da cewa shi aƙalla ba a yi masa ƙarya ba.

Aka yanke shawara ni da Ba-Ribas mu kai kuka. Ni saboda wai na iya magana, shi saboda yana da mota. Abin da bai gaya mana ba shi ne motar ba mai. Muka shiga layin gidan mai da sanyin safiya, layin da in ka shiga da aski za ka fito da suma. A nan na ga motoci masu baƙin gilashi suna shiga ta ƙofar fita, ana sara musu, suna sha suna wucewa. Ban yi fushi ba. Ai dole manya su riga mu shan mai, tunda su ne ke zagayawa suna duba mana lungu-lungu tun daga tushe har zuwa rufi.

Rana ta take muka isa ofishin masu duba gidaje. Aka tura mu ɗaki na farko, suka ce su ƙasa suke dubawa. Na biyu suka ce su bango ne nasu. Muka yi ta hawa bene, ƙuguna na tsine mini, har muka kai ga wanda ya dace, wato Ranka Ya Daɗe Babban Mai Duba Abin da Ke Sama da Kai.

To, a nan zan ba ku mamaki. Na shiga da shirin in tarar da jahili mai tumbi, in zo in ba ku labarinsa ku yi dariya. Sai na tarar da mutum mai fara'a, ya ba mu kujera, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Na ajiye masa ƙonanniyar ledar a kan teburi. Ya ɗaga ta da bakin biro, ya girgiza kai cikin takaici na gaskiya.

Ya ce, "Subhanallahi. Wannan ganganci ne. Malam, bari in gaya maka yadda ƙa'ida take. Duk inda waya ta haɗu da waya a bayan fitila, dole mahaɗar ta kasance a cikin akwati, ƙaramin akwati mai murfi wanda wuta ba ta cin sa da sauƙi. Ba a murɗe waya da hannu. Akwai 'yan maƙalai da ake zura bakin kowace a ciki a ɗaure tam, domin sako-sakon haɗi shi ke kawo zafi, zafi ya kawo gobara. Rigar wayar ta waje sai ta shiga har cikin akwatin, kada a bar 'yan siraran na ciki suna yawo a silin. Waya ta uku, mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, ba a yanke ta a yar, musamman in fitilar ta ƙarfe ce. Sannan a sa akwatin inda in an sauke fitila hannu zai kai gare shi a duba. Ko baƙin tef na masu gyaran wuta ba ya zama madadin akwati, balle ledar burodi."

Jama'a, na rantse ban taɓa jin bayani mai daɗin wannan ba. Kamar ana karanta waƙa. Ya ce har ƙasar waje aka tura shi taro a kan wannan batu, ya nuna mana hotonsa a jikin bango sanye da hular kwano, yana nuna wani silin da yatsa.

Ba-Ribas ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, to namu gidajen wa ya duba su?"

Ya ce, "Ni da kaina."

"Ka hau?"

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambayar wauta. Ya ce, "Baba, ai mun shiga kowane gida mun danna makunni, fitila ta kama. Batun hawa kuwa, tsanin ofishin nan an are shi tun ranar buɗe unguwarku, don a rataya hoton Mai Girma a bakin ƙofa. Har yau muna bin sawu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da ka yi magana da mun ba ka teburi. Ni da shi na hau."

Ya dubi yadda nake zaune a karkace, ya ce, "Ga shi kuwa na ga sakamako."

Ka ji mutum mai hikima. Ilimi ya kai ilimi, sai dai ilimin nasa ba ya hawa sama. Kafin mu fito ya yi mana alkawari cewa za a ɗauki mataki na gaggawa. A mota Ba-Ribas ya ce, "Mu gani a ƙasa, in ji kare da aka ce ana biki a gidansu."

Amma kun san me? Sun zo. Wannan karon na ji kunya, don har na fara zaginsu a zuci. Wata safiya muka tashi muka ga ana share layinmu, ana shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti, ana kafa rumfa. Can sai ga jerin motoci, ga masu ɗaukar hoto suna gudu da baya. An kafa Kwamitin Wayar da Kai Kan Rufe Mahaɗar Waya, da shugaba, da mataimakinsa, da mai riƙe wa shugaba lema. Man da motocin nan suka sha a ranar, da akwatuna aka saya da shi, da har kajin unguwar sun samu nasu.

Gidan Malama Nas aka zaɓa, don shi ne kusa da inda aka ajiye motoci. Aka shigo da wani sabon tsani fil a cikin leda. Wani ma'aikaci da fararen safar hannu ya hau, ya cire filastar, ya fito da akwatin. Kai, akwatin nan ya yi kyau! Fari tas, da murfinsa, da maƙalansa. Ya zura wayoyi ya ɗaure, ya rufe, ya mayar da fitila. Sarkin Almakashi bai samu zuwa ba, amma ya aiko wakili, wakilin ya danna makunni, haske ya kawo, aka yi tafi. Babban Mai Duba ya sake karanta mana waƙarsa, ta ma fi ta ranar daɗi. Malama Nas har da ƙwalla, aka ɗauke ta hoto tana godiya a madadin al'umma.

Manya suka shiga motoci. Muna tsaye muna taya Malama Nas murna, sai muka ga mai fararen safar hannu ya dawo da tsaninsa. Ya hau, ya sauke fitilar, ya fara kwance akwatin.

Malama Nas ta ce, "Ɗan'uwa, lafiya? Wani abu ka manta?"

Ya ce, "A'a, Hajiya. Akwatin zan ɗauka. Na nuni ne."

"Na me?"

"Na nuni. Shi ke nan mana guda. Gobe ana jiran sa a wata unguwa."

Ta ce, "To ni fa? Haka za ka bar mini wayoyin a buɗe?"

Bawan Allah nan ya sosa ƙeya, da alama shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Ya duba aljihunsa, ya duba ƙasa, sannan ya ce cikin ladabi, "Hajiya, ko kina da sauran filastar nan?"

Ba zan rubuta amsar da ta ba shi ba, saboda yara na karanta wannan shafi.

Da yamma muka taru a ƙofar gidan Ba-Ribas. Ba a yi dogon zance ba. Uwar yarana ce ta leƙo ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai 'yata ba za ta sake kwana a falon nan ba sai an rufe abin nan, kuma keke ba zai sake motsi ba. In keke bai motsa ba kuwa, kowa ya san abin da zai faru da tukunya." Wannan jawabi ya fi na wakilin Mai Girma tasiri. Muka haɗa hannu, muka sayo akwatuna a kasuwa, inda muka tarar da su tuli guda a shagon farko da muka shiga, ƙura ta rufe su don rashin mai tambaya. Muka kira mai gyaran wuta.

Shi ma ba waliyyi ba ne, kada ku ce na yabe shi. Ya ce zai zo da safe, sai bayan azahar muka gan shi. A gidan Ba-Ribas ya taka inda ba katako, ƙafarsa ta ɓullo ta silin daidai kan gado, har yau suna shari'ar wa ya ce wa wa ya taka nan. Amma aikin ya yi shi. A falona na tsaya a ƙasa ina riƙe masa tocila, na ga ya yanke ƙonannen bakin wayar, ya fere sabo, ya ɗaure kowace a maƙalinta, ya ja ya ji ba ta motsi, ya tura rigar wayar har cikin akwati, ya rufe murfi ƙas. Ya kankare gawayin katakon, ya kwashe shimfiɗar ɓera. Fitilar kuma ya ba ta sukurorinta cikakku. Duk abin da Babban Mai Duba ya rera mana, shi aka yi, ba ragi ba ƙari. Na tambaye shi wane irin mugu ne zai naɗe waya da ledar burodi. Ya ce, "Baba, ba lallai mugu ba ne. Kwangila in ta bi hannu-hannu, kafin ta iso ga mai hawa silin, abin da ya rage a cikinta burodin ne kawai. Ya ci, ya yi aiki da ledar."

Rigar matar mai kemis kuwa, uwar yarana ta zauna a bakin ƙofa da zare da allura ta ɗora wa hudar fure. Na so a yi shiru a ce ado ne. Ta ce ita ba ma'aikaciyar manya ba ce da za ta rufe ɓarna da kwalliya ta yi shiru. Da matar ta zo ta gaya mata gaskiya tun daga ƙauri har zuwa faɗuwata. Matar ta juya rigar, ta taɓe baki, ta ce furen ya yi, amma a ƙara ɗaya a ɗaya gefen don su daidaita. Daga nan ta wuce bakin famfo. Yanzu duk inda na bi a unguwa sai in ji ana cewa, "Sannu Malam, ya ƙugu?" har da waɗanda ban taɓa gaisawa da su ba.

Da aka gama gida na ƙarshe, muka taru a falona don gwaji. Auta ta dawo da katifarta, uwar yarana ta zauna a kan keke ta ɗora ƙafa, Malama Nas na tsaye a bakin ƙofa. Aka ba ni girma, aka ce ni zan danna, tunda ni na ba da ƙuguna. Na mayar da babban makunni, na gyara hula, na yi bismilla, na danna.

Shiru.

Na sake dannawa. Mai gyaran wuta ya leƙa waje ya dawo ya ce ba daga aikinsa ba ne, an ɗauke ne. Tun daga ranar kuwa ba a kawo ba, ga shi har wata ya kusa juyawa. Akwatunanmu na can sama a rufe tsaf, babu abin da ya taɓa su, ko ɗumi ba su yi ba.

Jiya na fara gunaguni a kan haka, sai Ba-Ribas ya ce in daina butulci. Ya ce shi a iya saninsa wayar da babu wuta a cikinta ba ta taɓa ƙona gidan kowa ba, kuma duk cikin matakan kare talaka daga gobara, wannan ne kaɗai manya ke aiwatarwa ba dare ba rana, ba tare da sun kafa kwamiti ba.

Na yi tunani, na ga gaskiyarsa. Allah ya ƙara wa manya lafiya. Mai ashana a cikinku ya taimaka mini da tsinke ɗaya.